Ranar da Husain Ya Ce "Hul"

Zuwa ga Yaya Sharifa a Mai Wurno,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya tumbin mijinki? Ni lafiya lau a Gadarif, yankan riɗi dai ya mai da ni sanda.

Ranar Laraba 'yan sanda suka tare lorinmu a hanyar Showak. Direba ya ce ai doka ta daidaita kowa, fari da baƙi, mace da namiji. Suka ce madalla, baƙaƙe su sauko. Dije mai shayi ta sha mari don mayafinta ya zame. Na Balarabiyar da ke gidan gaba ma ya zame, ba wanda ya gani.

Sai suka ce kowa ya ce "ful", waken karin kumallon nan. Kin san bakin Husain ɗan Goggo. Ya ce "hul". Suka kwashe da dariya, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Ni ma na yi dariyar, har na fi su, suka ce in hau lori.

Husain yana hannunsu. Yana ta kallona har muka sha kwana.

Ki ce wa Goggo aiki ya riƙe shi. Inna ta sa mu a addu'a, ta fara da shi.

Ƙaninki,
Maliki