Haƙorin da Gidiyon Ya Aiko Daga Lebuka

Lebuka, ƙasar Fiji
Mayu, 1955

Zuwa ga Yayata Biriskila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da dukan mutanen Fagge. Yaya cinikin abinci a bakin tasha? Ni ma lafiya lau, sai kewar miyar kukarki.

An sake yi wa Likita canjin wurin aiki, kuma kin sani, inda Likita ya sa ƙafa nan kukunsa yake aza tukunya. Mun baro Suba, babban birnin ƙasar, a wani ɗan jirgin ruwa da ya yi ta rawa da mu har na amayar da tuwon da na ci a Kano bara. Yanzu muna wani tsibiri, a garin da ake kira Lebuka. Nan ne tsohuwar hedikwatar ƙasar kafin Turawa su kwashe ofisoshinsu su koma Suba. Babban titin garin ɗaya ne tak, a bakin teku, ga tsofaffin kantunan katako a jere, ga duwatsu kore shar sun tokare su ta baya. Ko'ina ƙamshin busasshiyar kwakwa. Abincinsu rogo da gwaza da kifi, sai wani abin sha mai kalar ruwan kududdufi, wanda sai ka tafa hannu kafin ka karɓa. Maza zane suke ɗaurawa, har 'yan sanda. Ni ma na sayi ɗaya saboda zafi.

To ga babbar magana. Na ce wa Malam Zakka shekara ɗaya zan yi in dawo a tsayar da maganar aurena da 'yarsa Liya, ga shi an shiga ta biyu, Likita kuma ya roƙe ni in ƙara masa lokaci. Don kada a ce na yi shiru, na aiko miki da ƙunshi ta jirgin ruwa. A ciki akwai haƙorin babban kifin nan, irin wanda ya haɗiye Yunana, ɗaure da igiyar zaren kwakwa. Sunansa tambuwa. A ƙasar nan babu abin da ya kai shi daraja: da shi ake neman aure, da shi ake ba sarki haƙuri. Abokina Semesa, mai tuƙa kwalekwalen asibiti, sai da ya je ƙauyensu ya durƙusa gaban kawunsa kafin aka ba ni shi. Ki sa Kawu Dabo ya kai wa Malam Zakka. Ba sai an haɗa da goro ba, wannan ya fi kwando goma. Idan ya karɓa da hannu biyu, an ba ni ke nan.

Ki huta lafiya. Ni ne ƙanenki mai biyayya,
Gidiyon

*

Fagge, Kano
Agusta, 1955

Gidiyon,

Ina gaishe ka, don marigayiya Mama ta koya mana gaisuwa ko da rai a ɓace. Muna lafiya, in ban da kunyar da ka yafa mana.

Ƙunshinka ya iso. Duk da ka faɗa, ban yarda haƙori ne kaɗai a ciki ba. Na ce ai ɗan'uwana yana da hankali, dole akwai yadi ko agogo a ƙasa. Na kwance a gaban maƙwabta, na zazzage, na sake zazzagewa. Haƙori guda, ja-ja-ja kamar na tsohon mai cin goro, yana warin hayaƙi. Na so in jefa shi a akwati in yi shiru, Kawu Dabo ya ce saƙo amana ne. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa sujada, muka tafi Sabon Gari hannu rabbana, ko ƙwayar goro babu, yadda ka umarta.

Kai ka manta wane ne Malam Zakka? Katikis ɗin nan mai wa'azi da ya tsufa yana ƙona layu da guraye a harabar majami'a, shi ka aika wa haƙori da igiya! Ya tara dattawa a zaure don a karrama mu. Da Kawu ya buɗe ƙyallen, sai ga haƙori. Mama Lusiya, matar Malam, ta fizge jikokinta ta yi cikin gida tana kiran sunan Yesu. Malam ko taɓa shi bai yi ba, da kan sandarsa ya ɗaga igiyar.

Ya ce, “Dabo, ni za ka kawo wa tsafi har cikin gidana?”

Kawu ya hau rantse-rantse, ya ce, “A'a, Malam, wallahi ba tsafi ba ne. Yaron ya ce haƙorin kifin Yunana ne.”

Malam ya ce, “To, ya dace da shi. Ai kifin masu gudun inda aka aike su ne.” Ya sa aka kai shi kwatar bayan gida aka wurga.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu ko garin rogo na je saye kasuwa, sai Madam Uchechi mai sayar da garin ta jawo ni gefe, ta kira ni da sunan ɗana, ta ce, “Mama Ari, wai gaskiya ɗan'uwanki ya zama boka a ƙasar ruwa?” Me zan ce mata? In ce a'a, zane kawai ya koma ɗaurawa?

Ka rubuto wa Malam takardar ban haƙuri, ka faɗi watan da za ka dawo. Ban ce ka ba ni labarin duwatsu ba.

Yayarka,
Biriskila

*

Lebuka
Satumba, 1955

Yaya Biriskila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni, kuma tun da na karanta ta abinci bai yi mini daɗi ba.

A kwata! Tambuwa a kwatar Sabon Gari, tare da ruwan wanke-wanke! Kin san jan nan da kike rainawa? Shekaru ne da man kwakwa da hayaƙin ɗakin kakannin Semesa suka rina shi. Ranar da tsohon kawun nasa ya miƙo mini shi, mutanen ƙauyen duka suna zaune a ƙasa, ba mai tari. Ya ce tun da baƙo ne ni, ba ni da dangi a nan, su ne dangina, kada a ce ɗansu ya je neman aure da hannu wofi. Kullum Semesa sai ya tambaye ni, “An karɓa?” Sai in ce jirgi bai isa ba tukuna. Da wane baki zan gaya masa?

Kuma wa ya ce tsafi ne? Mutanen nan ran Lahadi ko wuta ba sa son hurawa. Majami'arsu tana cika fiye da ta Malam Zakka, waƙarsu kuwa har kan dutse ake ji, kuma fastocinsu da hannu biyu suke karɓar tambuwa. Wanda bai taɓa wuce Zariya ba, sai ya ga duk abin da bai sani ba na Shaiɗan ne. Na girmama shi da abin da ake girmama sarakuna, ya ɗaga da sanda kamar mushen ɓera. Ba zan ba da haƙuri ba, ni ya kamata a ba.

Ki taimake ni ki je ki tono shi, ki wanke, ki shafa masa mai. Maganar dawowa kuwa sai baɗi in Allah ya kai mu, don cikin Likita ba ya karɓar girkin kowa sai nawa. Liya ta san halina, za ta jira.

Ƙanenki,
Gidiyon

*

Fagge
Nuwamba, 1955

Gidiyon,

Gaisuwa. Yara suna gaishe ka, su ba su san abin da ka yi ba.

“Za ta jira.” Ka tambaye ta? Takardu biyu ka aiko, kifi ya samu shafi guda, cikin Likita ya samu layinsa, yarinyar da kake cewa kana so ko gaisuwa ba ta samu ba. Kullum tana wucewa ta gaban rumfata in ta taso daga makarantar da take koyarwa, ta gaishe ni, ta ɗan tsaya ko zan ce akwai saƙo. Sai in yi kamar miya ce take ƙonewa.

Duk da haka na je kwatar, ni da girmana, na tattare zane ina tono da kara, yaran unguwa suna yi mini dariya. Ban samu komai ba sai tsohon takalmi.

To bari ka ji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ernest, akawun nan na tashar jirgin ƙasa mai cin shinkafa a wurina, ya tura manyansa gidan Malam da kwandon goro, fari da ja, yadda 'ya'yan mutane suke yi. Malam bai raba ba. Ya ce shi ba ya yi wa 'yarsa dole, magana tana bakinta. Amma ya ce ba zai bar goron mutane ya lalace a gidansa ba: ranar da ya fara yaushi, ko a raba wa dangi magana ta tabbata, ko a mayar, Liya ta zaɓa. Ka kuma sani ba za ta mayar da goron mai zuwa da ƙafarsa ba saboda mutumin da ko watan dawowarsa ba a sani ba. Ni ma da 'yata ce ba zan bari ba.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Likita ya ci burodi, ba zai mutu ba.

Biriskila

*

Sabon Gari, Kano
Disamba, 1955

Malam Gidiyon,

Ina gaisuwa. Na karɓi adireshinka a wurin Yaya Biriskila, tun da kai ka manta nawa. Ta kuma nuna mini takardunka.

Ka daina sa ta tonon kwata. Haƙorin yana wurina. Tun ranar da aka jefar da shi na shiga na tsamo shi, na wanke, na shafa masa man gyaɗa, don ba mu da na kwakwa. Da hannu biyu na ɗauka. Ka gaya wa abokinka an karɓa, tsohon kawun nan nasa bai yi abin da za a kunyata shi ba. Kai ne nake fushi da kai, kuma fushin ba kaɗan ba ne.

Goron Ernest yana ɗakin Mama. Ni ce nake kula da shi. Kowace safiya ina buɗe kwandon, in tsince wanda ya fara ɓaci, in canja ganye, in yayyafa ruwa, don kada ya yi yaushi Baba ya kira ni ya tambaye ni. Mama tana ganin son Ernest ne ya sa nake wannan hidima. Na tambayi wani mai goro a kasuwa, ya ce in hannu ya iya, zai kai bikin Ista, wajen watan Afrilu.

Haƙorinka zai iya jiran shekara ɗari. Goro ba zai iya ba, ni ma haka.

Ka huta lafiya,
Liya