Rasuwar Mushe Abdulrazak Chaibu da Makomar Gonar Hanyar Jiratawa

Cikin alhini da karyewar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoma Masu Renon Itatuwa ta Tsibiri da Jiratawa ta samu labarin rasuwar malaminta kuma jagoranta, Mushe Abdulrazak Chaibu, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a gidansa da ke unguwar Zariya cikin Maradi, bayan jinyar kwana tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin haifaffen Tsibiri ne, ɗan manomin hatsi. Ya yi shekara shida yana koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe da bakin Faransanci, daga nan sunan ya bi shi har kabari, kafin ya tafi karatun aikin gona da daji ya dawo ma'aikacin gandun daji. A wannan rigar ni shugaban ƙungiya na fara saninsa, ranar da ya same ni da gatari a gindin gawo cikin gonata ta gado, kuma ba da daɗi muka rabu ba. Na yi shekara uku ba na amsa sallamarsa. Shi ne ya gane da kansa cewa kama mutum ba ya hana shi saran itace, sai dai ya koya masa ɓoye gatari, don haka ya nemi a maida shi sashen wayar da kan manoma, ya yi ta yawo a kan babur tsakanin ƙauyuka, da makarantu, da gidan rediyo, har ya ajiye aikin gwamnati, bai kuma ajiye koyarwar ba.

Bai taɓa tara mu a ɗaki da allo ba. Gonarsa ta gado da ke kan hanyar Jiratawa ita ce ajinsa, shekara goma sha tara. Duk wanda ya zo koyo, manomi ne, ko mace mai neman itacen girki, ko malamin lakwal da ɗalibansa, sai Mushe ya nuna masa kututturen da kowa yake ɗauka matacce, ya sa shi ya zaɓi toho uku ko biyar masu ƙarfi, ya datse sauran, sa'annan mai koyon ya yagi bakin rigarsa ko zanensa ya ɗaura a jikin itacen. Daga ranar itacen ya ɗauki sunan mutumin. Yau a gonar nan akwai gawo, da kalgo, da aduwa, da magarya sama da ɗari huɗu, kowanne da mai shi, wasu daga cikin masu su sun riga shi tafiya lahira. Tun jiya muna jin manyan mutane suna yabonsa a rediyo, waɗanda ya yi ta aika wa gayyata ba su taɓa taka gonar ba ko sau ɗaya. Allah Ya ba su ladan yabon. Mu dai mun san wanda ya zo.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya Fatimatuzzahra, da babban ɗansa Malam Maman Lawali, da ɗiyarsa Malama Rahmatu, da sauran dangi, da masu girma sarakuna da limamai na Tsibiri da Jiratawa, tana roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa inuwar da ya bari ta zame masa sadaka mai gudana, Ya kuma ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Akwai maganar da 'yan kwamiti suka ce kada in saka a takardar ta'aziyya, wai ba wurinta ba ne. Na ji, amma zan saka, domin ba mu da lokacin jira. Itatuwan na mutane ne, ƙasar kuwa ta magada ce, kuma babu takarda ko ɗaya da ta ce gonar makaranta ce. Gari ya matso ta wannan hanyar, masu yanka filaye sun daɗe suna kallonta, har an ga mota ta tsaya a bakinta washegarin jana'iza. Ga shi lokacin sassabe ya kama. Mutum biyu da gatari, yini biyu sun ishe su.

Kuma jama'a su sani, rashin takardar ba laifin marigayi ba ne. Sau uku yana zuwa gidana da kansa don mu je ofishin magajin gari a rubuta cewa ya ba ƙungiya gonar, sau uku ina ƙi. Ni ban yi lakwal ba, kuma na taɓa dangwala yatsa a takardar da ban san abin da ke cikinta ba, gonata ta fadama ta tafi ke nan har yau. Na ce masa maganar baki tsakanin dattawa ta wadatar. Bai sake tayar da zancen ba. Yanzu ɗaya bakin ya rufe.

Saboda haka muna roƙon iyalan marigayi, da girman Allah da girman mahaifinsu, su ba mu zama ɗaya bayan addu'ar bakwai, kafin a kira masu rabon gado. Ba mu da hakki a kan ƙasarsu, ba ma kuma da'awar komai. Muna umurtar 'yan ƙungiya kada kowa ya je gidan makoki da wannan zance, kada kuma kowa ya shiga gonar da faɗa. Idan magada suka yanke sayarwa, halalinsu ne, abin da muke nema shi ne a faɗa mana kafin gatari ya shiga, don kowa ya je ya tsaya a gindin nasa. Idan kuwa suka yarda a rubuta, a kawo takardar ko wace iri ce, a karanta mini, yatsana a shirye yake.

An rubuta daga bakina, an karanta mini, na amince.

Idirisa Ɗan Tsahara Tsibiri
Shugaba kuma mai magana da yawun
Ƙungiyar Manoma Masu Renon Itatuwa ta Tsibiri da Jiratawa