Sunan Ɗan Farinki

Zuwa ga Goggo Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin Ohio? Baba da Mama suna gaishe ki. Na rubuto da Hausa ne domin ke kika hana ni amsa miki da Turanci. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, ɗalibarki ce.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar Juma'ar da Baba ya dawo da ke daga masallaci, da jaka ɗaya da silifas cikin sanyin nan, ban yi murna ba. An ce rikici ne ya raba ki da garinku, kin nemi mafaka a ƙasar nan, ba ki da wurin kwana, ba a kuma ba ki izinin aiki ba. Ni dai abin da ya shiga kunnena shi ne za a shimfiɗa katifa a ɗakina. Kwana uku na yi ban ce miki komai ba sai sannu.

Ke kuwa kika ɗauka tarbiyya ce. Na ji kina ce wa Mama, "Yarinyar nan akwai kunya, kamar ba a nan aka haife ta ba."

Wata goma sha huɗu muka yi a ɗakin nan na Hyattsville. Hajiya mai shago, 'yar Kumasi, tana aiko miki da doya da manja. Likitan nan abokin Baba yana tasowa tun daga Woodbridge ya auna jininki. Ni kuma na koya miki shiga jirgin ƙasa na Green Line, kina ƙirga tashoshi da carbi don kada ki wuce.

Kin tuna ranar da na raka ki wurin lauyar da ke taimaka miki kyauta? Mama tana wurin aiki, aka ce in yi miki tafinta. Lauyar ta tambayi sunayen 'ya'yan da kika bari wajen ƙanwarki. Kika ce Zulai, kika ce Ummi. Da aka zo kan babban, sai kika sunkuyar da kai kika ce, "Yaron." Sau uku tana tambaya.

Sai na bayyana mata cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ta gane, amma ta ajiye alƙalami ta ce jami'in da zai yi miki tambayoyi ba zai gane ba. Zai ɗauka ƙirƙirar yaron kika yi, ya ƙi yarda da sauran labarin. In hakan ta faru, babu takardar zama, babu ranar da 'ya'yanki za su zo.

A jirgi, muna komawa gida, kika ce, "Shekara goma sha bakwai ban kira shi ba, sai yanzu, a gaban baƙo?"

Ranar Asabar kika zaunar da ni kitso. Ina tsakanin ƙafafunki, na ba ki baya, ba kya ganin fuskata, ba na ganin taki. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na yi muryar jami'i na tambaye ki sunan ɗanki. Hannunki ya tsaya a kaina. Can sai na ji kin ce, "Bashir," a hankali, wani abu mai ɗumi ya ɗiga a wuyana. Ban waiwayo ba.

Daga nan kowace Asabar sai kitso, har Mama ta ce za ki ƙarar mini da gashi.

Ranar da kika je gaban jami'in ina aji, zuciyata tana wurinki. Malama ta yi tambaya, na ce a raina, yanzu haka Goggo tana can tana faɗa. Sai na ɗaga hannu. Ban taɓa yi ba tun shigata makarantar. Ke kuma, alhamdu lillahi, aka ba ki takardarki.

Makon jiya Baba ya ce yaran sun sauka lafiya. Zulai ta ba ni labari a waya: a filin jirgi kin rungume su ita da Ummi, shi kuwa yaron kika kau da kai kika ce, "Kai, ka iso? Ɗauko jakar." Na yi dariya har da hawaye. Na san kin gan shi sarai, Goggo.

Katifarki ba mu naɗe ta ba. Wata baiwar Allah 'yar Nijar za ta zo ranar Juma'a, ita da jaririnta. Wannan karon ni na shimfiɗa zanin gado da hannuna.

Allah ya raya miki su, ya sa kada ki sake rabuwa da su, ya jiƙan waɗanda kika rasa. Ya ba duk mai jiran takarda irin ranar da ya ba ki. Ki gaishe mini da Zulai da Ummi, da kuma yaron.

'Yarki mai kewar kitsonki,
Nafisa