Igiyar Baffa

Jajaye, Rogo
6 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Yayana Malam Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Zaituna da yara. Yaya jikin Baffa? A gaishe min da shi, a ce ina neman albarka.

Yaya, labari gare ni, tun jiya nake ɗokin motar Maikuɗi ta zo in ba shi takardar nan. Ka tuna Audu, wanda Baffa ya ba aron karsana shekara bakwai da suka wuce, lokacin da ba shi da ko akuya? Irin aron nan namu, sai ta haihu uku ya riƙe 'ya'yan ya dawo da uwar. To jiya da hantsi sai ga shi daga kudu, ƙafa duk faso, yana jan ta. Fure ce, Yaya! 'Yar Furen Baffa mai tsinin ƙaho. Can inda ya tafi an yi wa shanunsu allura, cutar bushiya ba ta taɓa ta ba. Kuma da ciki ya kawo ta, tsohon ciki.

Da na gan ta sai da na zauna a ƙasa. Shanu arba'in da uku muka binne bara, ashe akwai saura ɗaya a duniya ba mu sani ba. Audu ma da ya leƙa garke ya ga babu komai sai turaku, kuka ya yi kamar mace.

Don Allah ka gaya wa Baffa yau, kuma ka sako shi a mota ranar kasuwa. Ni ban iya ta ba, maigidana kuwa ka san shi, manomi ne, tsoron ƙaho yake ji.

Wassalam. Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

*

Makarantar Firamare, Karaye
11 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Ruƙayyatu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, muna lafiya, sai zafi da gajiya. Allah ya saka wa Audu da alheri, ya cika ɗan halak.

Amma ban gaya wa Baffa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Kada ki yi fushi, ki saurare ni. Ke ba ki ganinsa kullum. Wata takwas ke nan da na ɗauko shi, kuma in na ƙirga maganar da ya yi a gidan nan ba ta cika tafin hannu ba. Yana zaune a zaure daga asuba zuwa magariba, in an ba shi fura ya kurɓa sau biyu ya ture. Ba ya tambayar kowa, ba ya faɗa, ko tsaki ba ya yi. Mutumin da in ya yi kira daga bakin rafi ana jinsa a cikin gari.

Kin manta abin da ya sa na raba shi da Jajaye? Kin manta Kawu Muntaka, da aka same shi a rataye da igiyar shanunsa kwana uku bayan saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi? Allah ya gafarta masa. A makon da abin ya faru na tarar da Baffa zaune a garke da dangwalin maruƙa a cinya yana murzawa. Wannan igiya tana ƙasan akwatina har yau, na sa kwaɗo, sandarsa kuma tana bayan rumbu. Ko igiyar guga ba na bari ta kwana a tsakar gida.

Yanzu ki ce in nuna masa saniya guda, mai tsohon ciki, a cikin wannan bazara da ba ciyawa. In ta mutu fa? Wa zai tare shi a karo na biyu? Gara ya zauna a haka, ina ganinsa yana numfashi. Ki ba ta dusa da harawa, in ta haihu lafiya mu nemi mai saye.

Na gaji, Ruƙayyatu, amma abin da na gani ke nan.

Yayanki,
Abdulsalami

*

Karaye
22 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Ruƙayyatu,

Bayan sallama da gaisuwa. Ba ki amsa waccan ba, na san fushi kike. Duk da haka ga wata, don wani abu ya faru kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Akwai gidan kallon talabijin da aka buɗe mana kusa da kasuwa. Ranar Alhamis bayan la'asar Zaituna ta matsa min in fita da Baffa ko ya sha iska, sai na ja shi can. Muka tarar ana nuna ƙasar ƙanƙara, can ƙarshen duniya. Da Turanci ake bayani, saboda haka aka tura ni gaba wai malamin makaranta ya fassara. Ni da na yini ina haushi a aji.

Ƙasa ce fara fat, ba itace, ba gida, ba ko tururuwa. Mu kuwa gumi na ɗiga daga haɓa. Uba mai sayar da lemo ya dafe kai ya ce, "Wayyo ni, ƙanƙara haka tana zube ba mai ɗiba!" Aka nuno wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye, baƙin baya da farin ciki, ba sa tashi sama, suna tafe suna rangaji kamar attajirai sun ƙoshi. Dariya har da masu faɗowa daga benci. Da na fassara cewa namijin ne ke kwanci a kan ƙwai wata biyu ba ci, matar ta tafi neman abinci, sai maza suka ce ƙarya nake, wai na ƙara gishiri. Da na ce a can rana tana yin watanni ba ta faɗi ba, Malam Sabi'u ladan ya miƙe ya ce to yaushe suke magariba, kuma ga azumi na tafe, wa zai sha ruwa? Aka kaure da gardama, wasu na cewa aikin Turawa ne da fitila. Baffa duk bai ɗaga kai ba.

Sai aka koma ɗaya ƙarshen duniyar, aka nuno wasu shanu. Gajeru ne, gashi har ƙasa, suna tonon ƙanƙara da kofato suna cin abin da ke ƙasa. Ban ankara ba sai na ga Baffa a tsaye, hancinsa kusan a jikin gilashin. Mutane na ta "Tsoho, zauna mana!" bai ji ba. Leɓensa na motsi, ƙirga su yake. Ya juyo ya ce min, "Sha tara. Na wane ne?" Na ce ba na kowa ba ne, na daji ne. Ya ce, "Babu shanun da ba na kowa ba."

Can sai ga kyarketai farare. Shanun suka yi da'ira, ƙaho a waje, maruƙa a tsakiya. Baffa ya ce, "Yawwa! Haka!" Amma maraƙi ɗaya ya makara a waje, suka kama shi, uwar na ta zagaye. Ruƙayyatu, Baffa ya yi kiran nan nasa, wanda yake yi a bakin rafi. Wasu samari suka fara dariya, Malam Sabi'u ya daka musu tsawa.

A hanyar gida ya tambaye ni wa ya ɗauki hoton. Na ce wani Bature. Ya ce, "Yana wurin?" Na ce yana wurin. Ranar ya shanye furarsa tas.

Ban san ko murna zan yi ko tsoro ba.

Yayanki,
Abdulsalami

*

Jajaye
28 ga Afrilu, 1984

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma gaisuwar a taƙaice take yau.

Na karanta takardarka sau uku, na yi kuka, daga baya kuma haushi ya kama ni. Haba Yaya! Kai da ake kira malam! Tsoho ya ga shanun aljanu a cikin akwati ya yi musu kira, ga tasa ta jini da nama a ɗaure a gindin tsamiya, kana ɓoye masa? Wallahi ban san ka da wannan taurin kai ba.

Fure ba ta jin daɗi. Dusar ma sai ta shinshina ta kau da kai. Na kai mata kanwa, na yi mata 'yan kalmomin Fulatancin da suka rage min, ko kallona ba ta yi. Jiya ta kusa tsire maigidana da ya je gyara mata turke, yanzu ta nesa yake jefa mata harawa kamar mai ba kura. Hantsarta ta fara cika, tsohuwa Yelwa ta ce bai fi kwana goma ba. In ɗan ya zo a karkace wa zai sa hannu? Ni?

Ka ce kana tsoron ta mutu ya bi ta. To ni ina tsoron ta mutu don ba shi nan, ya ji daga baya a bakin mutane, ka ga sannan me za ka ce masa. Kuma maganar mai saye ka bar ta. Ba taka ba ce, ba tawa ba ce.

Kai ka gaji, na sani, Allah ya biya ka. Ni ma na gaji. Amma ciyar da mutum fura ba shi ne kaɗai riƙo ba.

A gaida Yaya Zaituna.
Ruƙayyatu

*

Karaye
4 ga Mayu, 1984

Zuwa ga Ruƙayyatu,

Bayan sallama. Na ji faɗanki, ban kuma ce ba ki da gaskiya ba.

Tun ranar nan kullum la'asar Baffa yake sa hula ya tafi gidan kallo shi kaɗai. Yana zama a bencin gaba, a yi labarai, a yi wasan kwaikwayo, a yi ƙwallo, yana jira a dawo da shanun. Shi a ganinsa suna nan a bayan gilashin suna kiwo, juyowa ce kawai ba a yi ba. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa hoto ne, an ɗauka da daɗewa, wataƙila ma sun mutu. Sai ya ce in rubuta wa masu talabijin takarda, a gaya wa mutanen can su tatse uwar maraƙin nan, in ba haka ba hantsarta za ta kumbura. In ta hana nono, a nemo fatar ɗan a cusa mata ciyawa a ajiye a gabanta, za ta sake. Yana faɗa yana nuna min da hannu yadda ake yi. Don in huta na ce masa na rubuta. Kwana biyu ya tambaye ni amsa, na ce sun ce sun tatse ta. Ƙarya a kan ƙarya, ga ubana.

Shekaranjiya muna zaure ya ce, "Baturen nan na tsaya min a rai." Na ce me ya yi? Ya ce, "Yana tsaye. Yana gani. Ko sanda bai ɗaga ba, ko ihu bai yi ba. Wane irin mutum ne zai ga abu na mutuwa a gabansa ya tsaya kallo?"

Ba da ni yake ba, Ruƙayyatu, bai san komai ba. Amma na dubi ƙafafunsa yadda suka rame, na dubi wuyan rigarsa da ya yi masa yawa, na tuna wata tara ina tsaye a kansa. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baffa, Audu ya dawo da Fure." Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Yaushe?" Na ce wata guda. Na zaci zai zage ni, da ma ya zaga. Abin da ya ce kawai, "Da ciki?"

Gobe zan sa shi a motar Maikuɗi. Na ba shi sandarsa. Igiyar ban ba shi ba, hannuna ya kasa buɗe akwatin. Ki sa masa ido, don girman Allah, kada ki bar shi shi kaɗai a garke. In wani abu ya same shi ni na jawo.

Yayanki,
Abdulsalami

*

Jajaye
9 ga Mayu, 1984

Yaya,

Salamu alaikum. Baffa ya iso lafiya. Bai shiga gida ba, gindin tsamiya ya wuce, ya yi kira sau ɗaya ta amsa.

Jiya da hantsi ta haihu. A karkace ɗan ya zo, sai da Baffa ya sa hannu har kafaɗa. Mace ce. Baffa ya ci tuwo malmala biyu, ya kuma yi min faɗa wai na ɗaure ta a rana.

Ya ce in gaya maka ya san igiyarsa tana akwatinka, tun ranar da ka ɗauka ya sani. Ya ce ka aiko da ita ranar kasuwa, maraƙa ba ta da abin ɗauri.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu