"Dole" Ta Kusa Cinye Mini Injina

Hajiya Iklima, ki taimake ni da shawara, farin ciki da damuwa sun haɗe mini.

Ni maƙeri ne a Bracodi, wata unguwa a Adjamé cikin Abidjan. Na ƙera ƙaramin inji mai yanka nama fale-fale don masu kilishi, har na sami brebe, wato takardar da ta ce ƙirata ce. Kwatsam sai ga irinsa a unguwar Treichville. Sharhabilu ne ya kwaikwaya, wanda mahaifinsa ya sauke ni ranar da na shigo Abidjan. Na kai ƙara. Sai lauyansa ya juyo kaina, wai ina danne kasuwa da brebe, ina tilasta wa masu sayen inji su sayi wuƙaƙensa a wurina kaɗai. Shaidu suka ce sun ji ina cewa dole su dawo gare ni, tafinta kuma ya fassara wa alƙali kalmar a matsayin tilastawa.

Lauyata ba Bahaushiya ba ce. Ta zo gida, matata Huseina ta matsa mata dole ta ci tuwo, dole ta sake zuwa. Nan ta gane irin dolenmu na zumunci ne, ta bayyana wa kotu, aka wanke ni, aka kuma tabbatar ƙirata ya kwaikwaya. Wallahi har na yi hawaye, Allah ya saka mata. Yanzu ta ce zan iya sa a rufe shagon Sharhabilu, dattawan masallaci kuwa sun ce in bari. Barci ya gagare ni.

Mai Godiya, Adjamé

Mai Godiya, barka da arziki. Ka gode wa lauyarka, ka yi wa Huseina sabon zane.

Rufe shagon haƙƙinka ne, kuma dattawa ba su kwana a maƙera tare da kai ba. Amma shi ma yaron bai yi ƙarya tsagwaronta ba: kalmar zumunci daga bakin mai brebe tana da nauyi a kunnen mai saye. Ka daina faɗinta a shago, kowa ya sayi wuƙa inda ya so.

Kada ka yafe da baki kawai, kada kuma ka rufe shagon. Lauya ta rubuta masa izinin ƙera injin da sunanka a jiki, ya riƙa ba ka kasonka. In ya ƙi, ka fita haƙƙinsa. Kai da kanka za ka kai masa takardar izinin, ba aike ba. Ina zaton shi ne yanzu kunya ta hana shi zuwa masallaci. Allah ya sa albarka a hannunka.