Jinkirin tsohuwar kwamfutata ne ke zaunar min da mutane

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, 'yan layinmu da yawa suna nan ciki. Ku taimaka ku ba ni shawara don Allah, na san wasu za su yi dariya su ce wai a kan kwamfuta ne ƙato ke wannan dogon rubutu, to ku daure ku kai ƙarshe tukuna.

Ni mutumin Tsafe ne amma a Gusau nake zaune, ina riƙe da ɗan shago a Tudun Wada, ina buga takardu da katin ɗaurin aure, ina fitar da hoton fasfo, ina yi wa mutane cike-cike a intanet. Shagon na yayana ne, shi ya buɗe ya damƙa min, shi yana can tasha yana harkar mota. Ni kaɗai nake kwana a ɗakin da ke bayan shagon, ban yi aure ba. Abin da ya kamata ku sani tun yanzu shi ne ina da in'ina, kuma ba 'yar kaɗan ba, irin wadda kalma ke maƙale min a maƙogwaro har jijiyar wuyana ta tashi. Tun ina yaro in na fara magana wani zai ƙarasa min, ko ya ce "to to na gane" alhali bai gane komai ba. A majalisa kuwa kafin in fito da tawa an bar zancen an shiga wani. Da na gaji sai na daina zuwa, ba wanda ya tambayi dalili.

Kwamfutar shagon tsohuwa ce tukuf, irin mai babban akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa, in na kunna ta fankarta tana kuka sai ka ce injin markaɗe. Furosesan cikinta, wato ɗan abin nan da ke ƙarƙashin fanka wanda shi ke yi mata tunani, irin na da ne mai ƙwaƙwalwa ɗaya. In na buɗe hoto ina gyarawa, to kada in kuskura in taɓa intanet, sai ta tsaya cak tana juya ɗan zoben nan. Aikin da wasu shaguna ke gamawa mutum yana tsaye, ni sai an zauna a benci.

To a nan zancen yake. Wanda ya zauna jiran aikinsa ba shi da inda za shi, ba ya kuma sauri, sai ya juyo ya tambaye ni ya aiki, ya mutanen gida, kuma ya bar ni in amsa har in kai ƙarshe. Wallahi duk hirar da nake samu a duniya a kan bencin nan ce. Akwai wani dattijo daga Karakkai ta wajen Bungudu, Baba nake ce masa, shi mutanen garinsu ke ɗora wa saƙo in zai shigo cin kasuwa, wannan ya ba shi hoto a wanke, wancan katin biki. Baba in ya zauna sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, in na maƙale ya ce "ina jin ka ɗana, ba mu gaugawa." Shi na ba labarin ciwon Innarmu tun farkonsa, har sassaƙe ya taɓa kawo min in kai mata, kuma bai taɓa zuwa bai tambayi jikinta ba.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, kwamfutar tana cutar mutane. Kwanaki wata baiwar Allah ta zo cike fom ɗin neman aiki a ranar da za a rufe shafin, muna tsakiyar yi abu ya daskare, na kashe na kunna, kafin ta gama farfaɗowa an rufe shafin. Matar nan ba ta zage ni ba, hawaye kawai ta share ta fita, da ma zagin ta yi min da ya fi min sauƙi. Labari ya kai kunnen Yaya, ya zo ya yi ta faɗa, ya ce ina kore masa mutane, ya ce ya sha gaya min a canza ina noƙewa kamar gadonta na ci. Ya ɗauko wani injiniya daga Sabon Gari ya buɗe ta. Na yi ƙoƙarin kare ta, na nuna masa ai a rubuce gudunta ya kusa giga uku, sababbin ma da yawa haka aka rubuta musu. Ya yi dariya ya ce lambar ba ita ce aikin ba, na yanzu ƙwaƙwalwa huɗu gare su ko fiye, kowace tana riƙe nata aikin, kuma ko ɗaya daga ciki ta fi tawa sauri. Ya ce tawa mai bit talatin da biyu ce, wato tsohon tsari, sababbin manhajoji ba sa hawa kanta, ko an cika ta da ram, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kan yi, akwai inda ba za ta wuce ba, kuma mazaunin furosesan tsohon yayi ne, sabo ba zai zauna ba sai an canza allon cikinta da komai ke kansa gaba ɗaya. Ya ƙare da cewa ba wanda ke da lokacin jiran irin wannan yanzu. Da kwamfuta yake, na sani, amma maganar ta soke ni.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Inna rasuwa. Muka tafi Tsafe, bayan an share makoki na dawo na tarar injiniya ya haɗa wata sabuwa a kan tebur, wai Yaya ya ce in gwada, tsohuwar an tura ta lungu an rufe da buhu. Kai jama'a, sabuwar nan akwai gudu, ko ƙara ba ta yi. Kafin mutum ya gyara tsayuwa na miƙa masa takardarsa. Mutane sun ƙaru, Yaya sai murna yake, amma bencin nan ƙura ce a kansa. Sai in wuni ban faɗi abin da ya wuce "sannu" da "na gode" ba, ga gidan Inna da nake zuwa in zauna ko ban yi magana ba yanzu babu ita.

Ranar kasuwa Baba ya zo da hotuna. Bai kai ga cire hula ba firinta ta turo su, ya yi ta mamaki yana sa wa injin albarka, ya ce yau zai samu motar farko ya koma da sauran rana. Yana zuba hotunan a leda, a tsaye, ya ce "ya jikin Inna?" Na buɗe baki in ce ta rasu, kalmar ta ƙi fita, ina ta "ta, ta, ta", idona ya cika. Shi kuma hankalinsa na kan titi, ya dafa kafaɗata ya ce "Allah shi ƙara sauƙi, a gaishe ta," ya fita. Na bi bayansa da kallo har ya hau mashin. A ranar nan, rufe shagon na yi na zauna a ciki, na yi kukan da ban yi ba a wajen jana'iza. Kada ku ce in kira shi, a waya in'inata ta fi tsanani, shi kuma ba ya karatun boko balle in tura saƙo.

Yanzu Yaya ya ce in ba shi amsa, in sabuwar ta yi injiniya zai ɗauke tsohuwar ya cire abin da zai mora a ciki. Na san sabuwar ce daidai, ba na so wani ya sake rasa aiki saboda ni. Amma ta yaya zan kalli Yaya in ce masa jinkirin nan shi ne kaɗai abin da ke sa a saurare ni? Zai ce na samu taɓin hankali. In roƙe shi a bar min tsohuwar a gefe in riƙa yi wa irin su Baba aiki da ita, wannan ba yaudara ba ce, in zaunar da dattijo da gangan alhali ga mai sauri? Ko in haƙura in saba da shirun? Don Allah ku gaya min abin da zan yi, musamman masu irin lalurata. Baba zai sake shigowa kasuwa mai zuwa, kuma na san zai tambaye ni jikin Inna.