Wanda Ya Tsaya Ranar Talata Ba Abakar Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Turanci na kwalejinmu,
Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malamanmu. Allah ya ci gaba da tsare mu a wannan zamani da muka samu kanmu a ciki. Sunana Yagana, 'yar aji biyu, mazauniyar unguwar Abbaganaram. Ni ce na shugabanci rukuni na goma sha huɗu a kwas ɗin Turancin magana na zangon da ya wuce. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau biyu ina barin takarda a hannun sakatare, har yau daga wurinka ko "mun gani" ba a ce mini ba. Shi ya sa na fito da maganar fili. Ba da son raina ba ne, domin ni ce ta farko da za ta ji kunya a cikinta, amma Talata ta kusa kuma ba zan iya jira ba.

Magana ce a kan ɗan ajinmu Abakar. Takardunku sun ce yana zuwa aji, ni kuwa na san rabonsa da aji wata bakwai ke nan.

Na ɗaya, yadda muka haɗu. Malaminmu ya raba aji biyar-biyar bisa jerin lambobi, ya ba kowane rukuni aikin da zai gabatar a gaban aji. Dokarsa ɗaya ce: mutum biyar su tsaya, kowa ya faɗi sunansa da lambarsa da Turanci, sannan ya yi nasa ɓangaren. In ɗaya bai zo ba, duka biyar ɗin sifili. Ya ce saboda malalata ya yi haka, masu laɓewa a bayan masu ƙoƙari, kuma ban ga laifinsa ba a lokacin. Rukuninmu ni ce, da Falmata, da Modu, da Maryamu 'yar kudancin jiha, sai Abakar. An ce mu bayyana wani wuri a garinmu. Abakar ɗan gidan dillalan shanu ne a Tsohon Maiduguri, don haka muka zaɓi Kasuwar Shanu ba tare da dogon musu ba.

Lokacin an katse layukan waya. In kana neman mutum sai ka taka da ƙafarka, ko ka hau keke mai ƙafa uku ka sauka a kowane shingen bincike ka ɗaga hannu. Don haka muka tsayar da wuri ɗaya da lokaci ɗaya: gindin darbejiyar bayan laburare, tsakanin azahar da la'asar, kowa ya samu ya isa gida kafin dokar hana fita. A nan muka sha wahalar juna. Modu in ya fara Turanci sai ka ɗauka da wani yake faɗa. Maryamu ba ta barin kalma ta wuce sai ta buɗe ƙamus. Abakar kuwa dariya yake mana, yana cewa 'yan birni ne mu, ba mu san saniya ba sai a miya. Wata Asabar ya ja mu har kasuwar, ya buɗe bakin wani bijimi ya nuna mana yadda ake gane shekarunsa a haƙori, Falmata tana can nesa tana riƙe da hanci. Wannan shi ne ɓangarensa. Ya maimaita shi a gindin bishiyar nan har duk muka haddace, muka san inda yake tsayawa ya ja numfashi. Ya rubuta shi da shuɗin biro ya ba ni in gyara masa.

Na biyu, ɓatansa. Ranar Alhamis, saura kwana biyar mu gabatar, Abakar ya bi motar kawunsa zuwa wata kasuwar ƙauye ɗauko shanu. Ya ce mana Asabar yana nan. Asabar ta zo muka zauna mu huɗu. Lahadi Modu ya je gidansu, ya dawo ya ce babu motar, babu kawun, babu direban, babu wanda ya ga ko tayarta a hanya. Har yau iyakar abin da aka sani ke nan.

Za ka ce me ya hana mu gaya wa malami. Ranka ya daɗe, kai ma a garin nan kake. Ka san a kwanakin nan in ka buɗe baki ka ce saurayi wane ya ɓata, tambaya ta gaba ita ce ina ya tafi, da wa yake yawo, kai kuma me ka sani. Mun ji tsoro don kanmu, mun ji tsoro don sunansa. Kuma mun yi ta gaya wa juna cewa mota ce ta lalace, gobe zai dawo ya same mu mun jawo masa sifili.

Na uku, abin da muka aikata, kuma shawarata ce, kada a ɗora wa kowa. Akwai wani Kaumi a sashen noma, tsayinsu ɗaya da Abakar. Na roƙe shi, ya ƙi, na sake roƙonsa har ya yarda. Muka ba shi takardar mai shuɗin biro, muka koya masa kwana biyu. Ranar Talata muka tsaya mu biyar a gaban ajin da ya cika har tagogi. Malam ya ƙirga kawuna, ya mai da idonsa kan takardar maki. Da aka zo kan Kaumi ya gyara hula, ya faɗi sunan Abakar da lambarsa, ya fara bayanin haƙoran bijimi. Mun koya masa fiye da kima. Inda Abakar ke tsayawa ya ja numfashi, nan ya tsaya. Ina gefensa, ban iya juyawa na kalle shi ba, Falmata kuma ta kama gefen mayafina ta matse. Aka tafa mana. Makinmu ya fi na kowa a ranar. Bayan haka na yi mako uku ina sa masa hannu a takardar halarta, kamar yadda ɗalibai suka saba yi wa juna, ina cewa kafin ya dawo.

Na huɗu, inda abin ya kai. Ban yi tunanin mutanen kujerun baya ba, masu jin murya ba sa ganin fuska. Cikinsu akwai ɗan unguwar su Abakar. Da yamma ya isa gidan su Abakar da albishir cewa ya ji Abakar da kunnensa yana Turanci a gaban aji. Lokacin mahaifiyar Abakar, Hajja Kaltume, tana karɓar 'yan jaje, dangi har sun fara maganar a yi addu'a a fawwala wa Allah. Ta sa aka naɗe tabarmi, ta sallami kowa. Da sakamako ya fito, maki na gabatarwa da na halarta suka isa Abakar ya ci kwas ɗin, duk da bai zauna jarrabawa ba. Sauran kwasa-kwasansa fanko ne, amma a Turanci ga sunansa a allon sanarwa, ya ci. Wani ya yi mata kwafin shafin, tana yawo da shi a ƙulle a bakin mayafi.

Tun daga nan kowace Talata tana bakin ƙofar kwaleji. In ka shigo da mota, duba hannun hagu, jikin katangar da ke kallon ƙofa. Dattijuwa ce doguwa, da kular abinci a gabanta. Ba ta roƙon kowa, ba ta tare kowa. Fuskoki kawai take bi da ido, ɗaya bayan ɗaya, tun shigar safe har fitar la'asar, sannan ta ba masu gadi abincin ta tafi. Masu gadin yanzu ba sa iya ci, sai su miƙa wa wani.

Na je na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, har sunan Kaumi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta dafa kaina ta ce, "Wushe, sannu 'yata. Na san shi ya ce ki faɗa mini haka. Ɓuya yake yi don kada a taɓa mu. Ki ce masa na gane, ba zan kira sunansa ba, ganinsa kawai zan yi." Na rantse mata. Sai ta kwance bakin mayafin ta nuna mini takardar, ta ce, "Ke yarinya ce. Wannan kuwa makaranta ce ta rubuta." Ranar na yi kuka a keke har gida, kuma na tsani kaina.

Na biyar, abin da ke hana ni sukuni. Na daina sa masa hannu tun mako na uku. Amma takardar halarta in ta zaga aji ta dawo, layin Abakar a cike yake. Na tambayi Modu, na tambayi Falmata da Maryamu, na tambayi wakilin aji, kowa ya ce ba shi ba ne. Wata rana na zauna a layin gaba na karɓe ta da fari, na ga gurbin babu komai. Na jira ta a ƙarshen lakca na sake dubawa, an sa, da shuɗin biro. Ban ce wani abu ne ba. Na fi zaton wani ne cikinmu yake ganin alheri yake yi, kamar yadda na gani a da. Amma a wannan zangon ma ana sawa, kuma duk lokacin da takardar ta zo hannuna sai na waiwaya na duba kujerun baya.

Na shida, amsar ofishinka. Sakatare ya ce ba a cire sunan ɗalibi sai da ɗayan biyu: takardar janyewa da ɗalibin ya sa wa hannu da kansa, ko shaidar rasuwa daga asibiti. Ranka ya daɗe, wanda ya ɓata a hanya ina zai sa hannu? Wane asibiti ne zai ba da shaidar gawar da bai gani ba? Jami'in jarrabawa kuma ya ja ni gefe ya ce in ina son karatuna in kama bakina, domin abin da na faɗa ya isa a kore ni, kuma zai shafi malamin da ya ba da makin. Na gode da nasiharsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruwan ya ci gaba da dukan tsohuwar da ba ta ja komai ba.

Ga dalilin gaggawata. An kwafe jerin sunayen zangon da ya wuce, an cakuɗa, an yi rabon kashi na biyu na kwas ɗin da shi, Abakar ya faɗa rukuni na tara. Dokar tana nan yadda take, biyar ko sifili. Su huɗun sun yi ta yawo suna tambayar waye Abakar, sun je wurin malam ya ce sunansa na cikin rajista, yana sa hannu, su nemo abokinsu. Shekaranjiya ɗaya daga cikinsu ya tare Kaumi a bakin masallaci, ya ce an gaya masa ya taɓa taimakon wasu. Kaumi ya ƙi. Amma kwalejin nan cike take da dogayen samari, kuma ranar Talata za su gabatar. Labari ya riga ya isa Tsohon Maiduguri. Hajja Kaltume ta roƙi masu gadi, sun tausaya mata, sun ce wannan karon za su bar ta ta shiga ta zauna a bayan aji.

Don haka nake roƙonka, don girman Allah. A soke makin da aka ba Abakar, a rubuta gaskiya a gurbinsa, cewa bai zo ba. A ba mahaifiyarsa takarda mai hatimin sashe da sa hannunka, a karanta mata ita, domin takarda ce ta zaunar da ita a bakin ƙofa kuma maganar baki ta kasa tayar da ita. Ba na cewa a rubuta ya rasu, wannan Allah kaɗai ya sani. A rubuta abin da muka sani kawai: wanda ya tsaya ranar nan ba shi ba ne. A bar rukuni na tara su tsaya su huɗu, a kuma sassauta dokar nan, domin an yi ta ne don malalata, mu kuwa yanzu a garin nan ba lalaci kaɗai ke hana mutum zuwa aji ba. Hukuncin da ya dace da ni a yi mini, a bar Kaumi da sauran. Takardar Abakar mai shuɗin biro tana hannuna, zan kawo ta duk inda aka kira ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka da zuriyarka, kada ya jarrabce ka da jiran wanda ba ka san inda yake ba. Allah ya bayyana Abakar in yana raye, ya jiƙansa in ya riga mu, ya zaunar da garinmu lafiya.

Ina roƙo a yi wannan kafin Talata, Ranka ya daɗe. In aka bari wani ya miƙe a gaban aji ya ce sunansa Abakar, a can baya mahaifiyarsa ma za ta miƙe.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Yagana,
shugabar rukuni na goma sha huɗu.